Kalma Ɗaya ga Awo Ɗaya

A watan Maris na shekarar 2025 aka fito da kundin sake gina ƙasa, wanda shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu. A cikinsa an tsai da Hausa a matsayin harshen ƙasa, an bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan daraja ce babba, amma duk wanda aka naɗa wa rawani an aza masa kaya. Harshen da aka ba wannan matsayi wajibi ne ya iya faɗa wa talaka duk abin da hukuma da kamfani da banki suke son faɗa masa, ba tare da an nemi tafinta ba. To, a wannan zamani, da yawa daga cikin wannan magana a kan allon salula da na kwamfuta take isowa. Magidancin da ya fito daga ajin yaƙi da jahilci a Madarunfa ko Matamai ko Buza yana iya yin wata guda bai riƙa jarida ba, amma da wuya rana ta faɗi bai duba ɗan gajeren saƙon da ke gaya masa abin da ya rage masa na kuɗin waya ko na intanet ba.

Saboda haka ya kamata hukumomi su mai da hankali a kan wasu ƴan kalmomi da ake rainawa, watau waɗanda na'ura ke amfani da su wajen gaya wa mutum nawa aka ware masa, nawa ya ci, nawa ya rage, ina zai tsaya, kuma yaushe abin zai daina aiki. Ra'ayin wannan shafi shi ne a zaɓa wa kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa biyar kalma guda, a rubuta ta cikin takardar hukuma, kuma kada a sake ta, ko a salula, ko a kwamfutar ofis, ko a akwatin awon wutar lantarki.

Dalili a fili yake ga duk wanda ya taɓa awon hatsi. Ana ciniki lafiya a kasuwar Maraɗi ko ta Tasawa domin mai saye da mai sayarwa sun yarda da abin da ake nufi da tiya. Ranar da wani mai awo ya kira ƙaramin kwano tiya, wani kuma ya kira babba da wannan suna, ranar ciniki ya koma rigima, sai an je gaban sarkin kasuwa. Addini ma bai ɗauki zancen awo da wasa ba, tun da akwai sura guda a cikin Alƙur'ani mai girma da ta yi kashedi mai tsanani ga masu tauye mudu. Hatsi dai ana ganinsa, ana iya sake aunawa. Mega da jiga kuwa babu mai ganinsu, babu mai ɗaukarsu a hannu ya ji nauyi. Kalmar da aka rubuta a allo ita kaɗai ce tiyar da mai saye yake da ita.

Rikicin kuwa ba daga Hausa ya taso ba. Wanda ya duba saƙonnin Faransanci da ke shigowa salula zai tarar da kalmomi bakwai suna kai da kawowa a wuri ɗaya: «quota», «limite», «plafond», «volume», «forfait», «crédit» da «solde». Da yawa a cikinsu fuska biyu gare su. Ma'aikacin gwamnati ya san «solde» da ma'anar albashi, domin ofishin da ke lissafin albashinsa ma sunansa ke nan; mai kanti ya san ta da ma'anar karya farashi; a salula kuwa tana nufin abin da ya rage. «Crédit» a banki bashi ne da ake bin mutum, a salula kuwa kuɗinsa ne da ya riga ya biya. Mai fassarar da ya buɗe ƙamus ya ɗauko ma'anar farko zai rubuta wa mutum cewa bashinsa dala ɗari ne, alhali kamfani ne ke riƙe da kuɗinsa. «Plafond» rufin ɗaki ne kafin ya zama iyakar kuɗi. «Forfait» kuma ƴan ƙwallo sun san ta da ma'anar ƙungiyar da ba ta zo fili ba, aka ba abokiyar karawarta nasara.

Su kansu masu ƙera manhajoji sun sha wannan wahala a harshensu. Kamfanin Amazon na Amurka, wanda ke ba da hayar manyan kwamfutoci ga kamfanoni da gwamnatoci, ya daɗe yana kiran gwargwadon abin da ya yarda abokin ciniki ya ɗauka da kalmar Ingilishi mai daidai da «limite». A shekarar 2019 ya buɗe sashe na musamman da sunan «quota», ya shiga sauya takardunsa, har ya zama dole ya riƙa bayyana wa mutane cewa kalmomin biyu abu ɗaya suke nufi a wurinsa. In sauya kalma ɗaya ya zame wa kamfani mai wannan ƙarfi aiki, to, gara Hausa ta gyara nata tun ran gini, tun ran zane. Lokaci kuwa yana ƙurewa, domin Microsoft ya riga ya fitar da Windows da Hausa, Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a 2013, Facebook ya buɗe shafinsa da Hausa a 2016, kowanne da masu fassararsa da jerin kalmominsa.

Abu na farko da za a rarrabe shi ne kaso da iyaka. Kaso shi ne abin da aka ware wa mutum, yana ɗiba yana raguwa. Iyaka kuwa layi ce da aka ja, ba ta raguwa don an yi aiki, sai dai a kai gare ta a tsaya. Gidan wasiƙun Gmail ya isa misali. Lokacin da Google ya buɗe shi a 2004, ya ba kowa wurin ajiya na jiga 1. A 2013 ya haɗa wurin wasiƙu da na takardu da na hotuna ya mai da su jiga 15 kyauta. Wannan kaso ne, domin kowace wasiƙa tana cin wani abu daga ciki. Amma akwai wata doka dabam, cewa abin da za a liƙa wa wasiƙa guda kada ya wuce mega 25. Wannan iyaka ce: ko mutum bai taɓa kasonsa ba, ƙunshin mega 30 ba zai liƙu a wasiƙa ɗaya ba, kuma in ya aika da mega 25 yau, gobe ma iyakar tana nan yadda take. Sakataren da aka rubuta wa «ka wuce iyaka» a wurin da kasonsa ne ya cika, zai yi ta rage girman takardarsa a banza. Wanda aka rubuta wa «kasonka ya cika» a wurin da iyaka ce ya wuce, zai share tsofaffin wasiƙun ofis, wataƙila har da waɗanda za a nema gobe.

Haka abin yake a kuɗin da ake ajiyewa a salula. Umurnin da babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma, BCEAO, ya fitar a 2015 ya ce kuɗin da ke cikin asusun mutumin da aka sani da takardun shaida kada su wuce sefa miliyan 2, abin da zai zuba a wata guda kuma kada ya wuce miliyan 10. Waɗannan iyakoki ne guda biyu. Babu wanda ya ware wa kowa miliyan 2. Mai fataucin albasa na Galmi da aka rubuta wa «kasonka miliyan 2» yana da haƙƙin ya tambaya ina kuɗin suke.

Akwai masu ganin «rabo» ta fi «kaso» daɗin ji. Gaskiya ne tana da daɗi, amma a bakin Bahaushe rabo abu ne da Allah ya ƙaddara wa bawa, shi ya sa ake cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Abin da mutum ya ciro kuɗi daga aljihu ya saya haƙƙinsa ne, in an tauye masa sai ya kai ƙara, rabo kuwa ba a kai ƙararsa. Bayan haka, saƙon da ya ce wa dattijo «rabonka ya ƙare» ya yi kama da ta'aziyya. «Kashi» kuma an riga an ba ta aiki a lissafi, inda ake cewa kashi 20 cikin 100, kuma na'ura tana bukatarta a wannan aikin don ta nuna cikar batir. Ita ma «kaso» tana da nata aibi, domin a rubuce ba ta da bambanci da kason da ake tsare masu laifi. Sai dai wancan yawanci yana tafe da «gidan» a gabansa, kuma duk wanda ya taɓa shiga watanda ko ya zauna wurin raba gado ya san abin da ake nufi da kasonsa. Aibin kaso ya fi sauƙin ɗauka, saboda haka ita ta cancanta.

Abu na biyu, kaso iri biyu ne: akwai irin na rumbu, akwai irin na guzuri. Wurin ajiya na salula ko na kwamfuta rumbu ne, ana zuba masa kaya har ya cika, in an kwashe wasu sai wuri ya samu. Intanet ɗin da aka saya na kwana ko na mako guzuri ne, abin da aka ci ya tafi, ba ya dawowa. Da yake duka biyun da mega da jiga ake auna su, mutane da yawa suna ɗaukarsu abu ɗaya. Ana samun wanda zai share hotunan ƴaƴansa da fatan megarsa ta intanet ta dawo, ana samun wanda zai sayi sabon forfe domin salularsa ta ce babu wuri. Hausa tana da maganin wannan a cikin kalmomi biyu da kowane yaro ya sani: rumbu cika yake yi, guzuri ƙarewa yake yi. A tsai da cewa wurin ajiya «ya cika», kason intanet da na kira «ya ƙare», kada a taɓa musanya su. Mai karatun da ya ga «ya cika» zai san sharewa ce magani, in ya ga «ya ƙare» zai san sai saye.

Abu na uku shi ne sauran kalmomin lissafi. Ga abin da ya rage, babu wadda ta kai «saura». Gajeriya ce, tana shiga ƙaramin allo, ana jin ta daga Dogon Dutsi har Mirya, kuma tana aiki ga kuɗi da mega da minti da kwanaki: saura mega 300, saura kwana 2. «Ragowa» tana kai hankali ga abincin da aka ci aka bari, «canji» kuwa kuɗin da mai kanti ke mayarwa ne. Ga abin da aka riga aka ɗiba, «amfani» ba ta dace ba, domin tana nufin fa'ida, tana kuma nufin abin da gona ta bayar. Bahaushe cewa yake mota ta ci mai, fitila ta ci kananzir, saboda haka «an ci» ta isa. Ga ranar da abin da aka saya zai daina aiki ko da ba a cinye shi ba, kalmar ita ce «wa'adi», wadda kowa ya sani daga zancen bashi da jingina. Ya kamata ta fito a kowane saƙo tare da rana da ƙarfe nawa, domin a nan talaka yakan yi hasara: ya yi ta tsimin megarsa kamar yadda ya saba tsimin hatsi, bai san wa'adi zai kwashe abin da ya adana ba.

In an bi wannan, saƙo zai fito kamar haka: «Kaso: jiga 1. An ci: mega 700. Saura: mega 300. Wa'adi: Laraba, ƙarfe 12 na dare.» Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci zai karanta wannan ba tare da ya kira ɗan lakwal ya taimake shi ba, zai kuma iya haɗa lissafin da kansa ya ga ko ya yi daidai.

Masu kula da kwamfutocin ma'aikatu suna da ƙarin bukata. Tun a 1983 tsarin Unix na jami'ar Berkeley ya zo da hanyar raba wurin ajiya mai iyaka biyu, kuma tsarin Linux ya gaje ta. Ta farko in an wuce ta na'ura gargaɗi take yi, ta ba mutum kwanaki, yawanci 7, ya rage kayansa. Ta biyu in an kai gare ta, na'ura ba ta ƙara karɓar ko harafi ɗaya. Turawa suna kiran ta farko mai taushi, ta biyu mai tauri, amma in an juya haka zuwa Hausa babu abin da ma'aikaci zai fahimta. «Iyakar gargaɗi» da «iyakar ƙarshe» sun faɗi abin da zai faru, kwanakin da ake bayarwa kuma «wa'adin gyara» ne. Nan ne kuma wurin maganar «illimité». A ƙasashe da yawa ana sayar da intanet da wannan suna, alhali in an ci wani adadi sai a rage masa gudu ya koma tafiyar hawainiya. Abin da ke da wurin da ake rage masa gudu yana da iyaka, kuma rubuta «marar iyaka» a kansa tauye mudu ne.

Abu na huɗu shi ne sunan ma'aunin kansa. Faransanci yana rubuta Mo da Go, Ingilishi yana rubuta MB da GB, duka abu ɗaya ne, amma salular da aka saita da Ingilishi tana nuna ɗaya, saƙon kamfani yana nuna ɗaya. Akwai kuma Mb mai ƙaramin harafi, wanda ake auna gudun intanet da shi, kuma sai an tara 8 nasa ake samun Mo guda. Har a kan jiga ma ba a daidaita ba: masu ƙera kayan ajiya suna lissafi da 1000, wasu manhajoji kuma da 1024. Shi ya sa faifan ajiya da aka rubuta wa jiga 500 a kwali yake nuna wajen 465 in an sa shi a Windows, mai saye ya yi tsammanin an cuce shi. Hukumar duniya mai daidaita ma'aunan lantarki ta fito da sunaye dabam ga lissafin 1024 tun 1998, amma ba kowa ya bi ba. Abin da ya dace da Hausa shi ne ta rubuta «mega» da «jiga» cikakku, kamar yadda jama'a ke faɗa, kuma a wajabta wa mai sayarwa ya bayyana mega nawa ne a jigarsa.

A zancen kuɗi hatsarin ya fi haka, domin a ƙasar nan da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In allo ya nuna 500 ba tare da suna ba, ɗan lakwal zai karanta ɗari biyar, tsohuwar da ke saurare za ta ji dala ɗari biyar, watau sefa 2500, alhali abin da ke ciki dala ɗari ne. Ko a rubuce, ko a layukan da ake kira a saurari bayani da Hausa, dole ne a tsai da lissafi ɗaya a faɗe shi da sunansa kowane lokaci, dala kaza ko sefa kaza.

Akwai kuma iyaka guda da ta shafi Hausa kai tsaye. Gajeren saƙo na salula yana ɗaukar haruffa 160 in an rubuta shi da haruffan da aka tanada tun farko domin harsunan Turai. Haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su cikin wannan jeri. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, sai a koma wani tsari mai ɗaukar 70 kawai, in saƙon ya fi haka a yanka shi gunduwa-gunduwa, 67 kowace. Saƙo mai haruffa 150 da ƙ guda a ciki yana tafiya a matsayin saƙo 3. Wanda ya koyi rubuta Hausa daidai shi ke biyan wannan tara, ba tare da an gaya masa ba. Zubar da ƙugiya ba magani ba ne, domin kowa ya san tazarar da ke tsakanin baki da baƙi. Ƴar lambar da ke gefen allo ce ya kamata ta faɗi a fili, saura haruffa kaza, saƙo kaza. Ma'aikatun da ke aika wa manoma sanarwa ta salula kuma su san da wannan kafin su yi kasafin kuɗi.

Za a sami masu cewa maimaita kalma ɗaya talaucin harshe ne. Haka aka koya wa kowa a lakwal, inda malamin Faransanci ke jan jan layi ƙarƙashin kalmar da ta fito sau biyu kusa da juna. Wannan doka ta insha'i ce da waƙa, inda sauya kalma ado ne. A takardar awo, mai karatu yana ɗaukar sabuwar kalma a matsayin sabon abu. In shafin farko ya ce «kaso», na biyu ya ce «rabo», na uku ya ce «adadi», mutum zai zaci abu uku gare shi. Likita ba ya sauya sunan magani tsakanin layi da layi don takardarsa ta yi daɗin karatu.

Wasu kuma za su ce a bar jama'a da abin da suka saba, tun da kowa yana cewa forfe da kiredi. Aro ba laifi ba ne. Hausa ta ari lakwal daga Faransanci, ta ari mota daga Ingilishi, wa'adin nan kansa daga Larabci ya zo. Inda babu kalma, kamar mega da jiga da salula, a ara a ba ta rubutu ɗaya. Amma inda Hausa take da kalma tsayayya, ita ta fi, domin abin da ake kira forfe a Maraɗi, a Katsina data ake ce masa, kiredin Ƙonni kuma kati ne a Sakkwato. Kaso da saura da iyaka da wa'adi kuwa ana jin su a kowane gefe. Kamfanonin waje Hausa ɗaya suke fitarwa ga ƙasashen biyu, kuma in Nijar ba ta kawo nata jeri a rubuce ba, za a yi mata zaɓi ba tare da an tambaye ta ba.

Ƙasar nan ta taɓa yin irin wannan aiki, kuma ta san tsadar jinkiri. Bayan taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966, littattafan yaƙi da jahilci na Nijar sun riƙa ninka wasali don nuna tsawonsa, alhali a Nijeriya ba a yin haka. Shekaru aka yi ana buga Hausa iri biyu, har sai da aka yi taron daidaita rubutu a Yamai a 1980, daga baya umurnin ministan ilimi na 1999 ya tabbatar da ƙa'idojin. Waɗanda suka koyi tsohon rubutu sai da suka sake sabawa da sabo, littattafan da aka buga kuma suka tsufa tun ba su yage ba. Abin da aka yi wa haruffa shi ake nema a yi wa kalmomin awo, tun kafin kowane kamfani ya saba da nasa.

Kayan aiki suna nan. Akwai INDRAP wadda ta daɗe tana shirya littattafan harsunan gida, akwai masana harshe na jami'ar Abdou Moumouni, akwai ƙamus na Hausa zuwa Faransanci da Abdou Mijinguini ya wallafa a 1987, da ƙamusun Hausa na jami'ar Bayero ta Kano na 2006. Abin da ya rage shi ne ma'aikatar ilimi ta kira ƙaramin kwamiti na masana harshe da injiniyoyi da malaman yaƙi da jahilci da ma'aikatan rediyo, su fito da gajeren jeri, kalma 30 ko 40, kowace da ma'anarta da misalinta da kalmomin da aka hana sa wa a madadinta. Kafin a sa hannu, a kai jerin ƙauyukan jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram da Doso, a nuna wa waɗanda suka gama aji saƙo a tambaye su abu ɗaya: in ka ga wannan, me za ka yi? Kalmar da ta sa mutum ya share inda ya kamata ya saya ta faɗi, ko da masana duka sun so ta.

Bayan haka sai umurnin minista ya tabbatar da jerin. Hukumar ARCEP mai kula da kamfanonin waya ta wajabta shi ga duk saƙon Hausa da ya shafi ciniki, gwamnati kuma ta sa shi cikin sharuɗɗan duk wata manhaja da za ta saya ko ta sa a ƙera mata. A aika da shi ga jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato domin a daidaita, a kuma miƙa shi ga kamfanonin waje. Tun da rarrabe kaso da iyaka da saura da wa'adi aiki ne na ma'ana, kwamitin zai iya shimfiɗa wa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci da sauran harsunan ƙasa hanya ɗaya, kowanne ya cika da kalmominsa.

Kafin hukuma ta zauna, akwai abin da kowa zai iya farawa. Mai fassara a ma'aikata ya buɗe littafi ya rubuta kalmar da ya zaɓa yau, don kada ya sake ta gobe, don kuma wanda zai gaje shi ya tarar da ita. Malamin yaƙi da jahilci ya ɗauki darasi guda ya rubuta saƙon salula a allo, ɗalibai su rarrabe kaso da saura. Mai saye kuma, kafin ya miƙa kuɗinsa, ya tambayi mai sayarwa kaso nawa ne, akwai iyaka ko babu, kuma yaushe ne wa'adi. Wanda ya biya kuɗi yana da haƙƙin a auna masa da tiyar da ya sani. Allah ya sa a dace.